Kunnen Littafi a Zangon Kurciya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya ba ƙafa hanya, ya ɗaga sama ya ba ido abin kallo, ya huda kunne ya bar shi babu murfi. Bayan haka, ya kai baƙon da na ji takunsa tun daga bakin zaure, sannu da zuwa, sannu da gajiya. Na ji ka buɗe littafi ka rufe, ka buɗe wani ka rufe, na kuma ji tsakin da ka ja. Kada ka ji kunya, nawa tsakin ya fi naka ƙara ranar da na zo. Ajiye gafakarka ka zauna in ba ka labarin abin da ya kawo ni garin nan. Kafin in gama za ka san dalilin da ya sa ka ga takardun nan fari fat.

Sunana Nomau ɗan Cindo, mutumin Rafin Gwaska, can bayan Duwatsun Hayaƙi, inda rana take fitowa daga cikin ruwa. Na tashi a hannun wani malami da ake kira Malam Barmo. A cikin littattafansa akwai wani da ya hana ni sakat tun ina saurayi, sunansa Labarin Mai Bin Kogi. Labarin wani mutum ne da ya rantse sai ya ga inda kogin garinsu yake fitowa. Ya bi gaɓa ya yi ta tafiya, ya wuce dazuzzuka da garuruwa, har ya iso bakin wani kogo inda ruwan yake ɓulɓulowa. Ya kunna fitilarsa, ya yi bisimilla, ya sa ƙafar dama a ciki. Daga nan kuma sai ƙasar gara. Gara ta cinye sauran littafin tun kafin a haifi malamina, shi kansa bai san abin da mutumin ya gani ba.

Wasu in suka ji labari ya yanke sai su ɗaga kafaɗa su tafi gona. Ni ban iya ba. Na karanta wannan rabin har na haddace shi, in na kwanta mutumin nan nake gani tsaye da ƙafa ɗaya cikin kogo. Da malamina ya rasu aka ba ni rabin littafin, na sa shi a gafaka, na ɗaura wa jakina kaya, na fita neman sauran. Ka kuma sani, ni mutum ne mai son karatu ni kaɗai. In na buɗe littafi ba na son ko tarin wani a kusa da ni, wanda ya yi mini magana kuwa sai ya yi da-na-sani.

Ba zan gajiyar da kai da duk inda na taka ba, don na fita da baƙin gemu na iso nan da furfura. Amma sai ka ji na Birnin Shirgi. Sarkin wannan birni ya fi kowa son littafi, sai dai bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Duk ayarin da ya shigo sai a ƙwace littattafansa, magina su jera su kamar tubali, da su aka gina katangun fadarsa tun daga ƙofa har bargar dawaki. Doka kuwa ita ce, duk wanda ya zare littafi daga katanga, kansa za a cusa a gurbin.

Na shiga cikin masu shafa wa katangun ruwan maɗaci don korar gara. Ina shafa ina karanta sunayen da ke gefen littattafai, har wuyana ya ƙage. Ran nan a bargar dawaki, can ƙasa kusa da turke, na yi ido biyu da Labarin Mai Bin Kogi. Na duba ba kowa, na zare shi a hankali, katanga ta yi wani nishi. Sai na ciro kantun gishirin da nake guzuri da shi na cusa a gurbin, ta yi shiru. Na shige cikin harawa na buɗe littafin, na wuce shafi bayan shafi. Mutumin ya kunna fitila, ya yi bisimilla, ya sa ƙafar dama a ciki. Ƙarshen ke nan. Ashe wanda ya kwafe shi ma daga wanda gara ta ci ya kwafa.

Ina cikin wannan baƙin ciki na ji lasa. Na leƙo, sai ga dokin sarki ya gano gishirin, ya zage yana aiki, katanga kuwa ta fara sunkuyowa. Ga kuma takun dogarai. Na jefa littafin cikin komin dawaki, na bi turaku ina kwance igiyoyi ina kururuwar katanga za ta faɗi. Dawaki suka ɓalle, dogarai suka watse, ni kuma na kama jelar wata goɗiya ta ja ni har bakin ƙofar birni. An ce da katangar ta zube, mutanen gari sun kwashi abin da suka iya a cikin riguna. Ina fata sun karanta.

A wani zango na tsaya wurin wani baduku ya ɗinke mini gafakata da ta yage. Da ya ga rabin littafin sai ya juya shi a hannu, ya ce ya taɓa ɗinka wa ɗan'uwan wannan littafi bangon fata, amma wancan ya ninka wannan kauri. Na kama hannunsa na ce ina? Ya ce wani ɗan ƙaramin gari ne, Zangon Kurciya, a hayin Farin Fili.

Kai da ka biyo ta hanyar kudu ba ka san Farin Fili ba, ka gode wa Allah. Gishiri ne shimfiɗe iyakar ganin ido, babu itace, babu tsuntsu, in rana ta sauka a kansa ƙyallinsa cin ido yake yi. Shi ya sa masu ƙetare shi suke ɗaure idanunsu da na dabbobinsu da baƙin ƙyalle, kowa ya riƙe igiya ɗaya, igiyar kuma a wuyan wata makauniyar taguwa da ta san hanya da hancinta. Haka muka shiga. A tsakiyar fili tsohuwar taguwar ta durƙusa, ba ta sake tashi ba. Madugu ya ce dole mutum ɗaya ya buɗe ido ya ja sauran, in ba haka ba duk mu mutu a nan. Aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kaina. Na kwance ƙyallen, na kafa ido a kan wani ƙoƙon dutse da madugu ya kwatanta mini, na ja igiya. Mun fita dukkanmu, ba mu bar kowa ba.

Idona ya yi ta zubar da ruwa, da ya tsaya kuma sai duniya ta koma mini kamar ina kallonta ta cikin tururin koko. Wata mai magani a cikin ayarin ta buɗa fatar idona ta duba, ba ta ɓoye mini ba. Ta ce gishiri ya riga ya shiga, hasken zai riƙa tafiya kaɗan kaɗan, in na ga girbin bana to na gode. Ban ji tsoron duhu ba kamar yadda na ji tsoron ya riga ni zuwa ƙarshen labarin. Na bar ayari a baya, na kora jakina.

Garin nan ka gan shi, ba sai na kwatanta maka ba. Da na hango 'yan gidajen jan ƙasa da kurciyoyi a kan rufi, sai na ce anya baduku bai yi mini wasa ba? Na tambayi inda ake ajiyar littattafai, aka nuna mini wannan zaure tsakanin rijiya da kasuwa, aka ce sunansa Zauren Kowa. Babu ƙyaure, babu dogari, asabari kawai, ga akuya kwance a bakin ƙofa sai da na tsallake ta. A ciki na ga littattafai jere a alkukai, mutane kuma zaune bibbiyu a kan tabarmi, zauren sai guna yake kamar amya. Wata tana kitso ana karanta mata, wani yana tufkar igiya yana gyaɗa kai. Na ce a raina, wane irin wurin karatu ne wannan da ya fi kasuwa surutu?

Mai kula da zauren ta taso, doguwar mace mai ɗan manyanta, sunanta Tabawa. Ba ta tambaye ni abin da nake so ba sai da ta ba ni ruwa na sha. Da na faɗi sunan littafin sai ta miƙa hannu can alkukin sama ta sauko da shi, ta share masa ƙura da bakin zanenta. Kaurinsa kaɗai na gani ƙwalla ta cika mini ido. Wani ɗan zaren kaba busasshe ya leƙo daga cikinsa, kusa da ƙarshe, amma ban kula ba. Na fizge shi ko godiya babu, na nemi lungu, na juya wa kowa baya, na buɗe.

Fari fat. Na buɗe tsakiya, fari. Na buɗe ƙarshe, fari. Na ce shi ke nan, idona ya tafi a bakin gaɓa, na kifa kai na fashe da kuka kamar yaro.

Tabawa ta zo ta tsuguna, ta ce, "Malam, ba idonka ba ne. Littafin garin nan ba ya fitowa ga mutum ɗaya. Ina kunnenka?"

Na taɓa kunnena, mutane suka yi dariya. Sai ta yi mini bayani. Ta ce waɗanda suka kafa garin sun samo tawadarsu daga ƙaron wani itace da ke bakin rafi, kuma duk littafin da ya shigo garin da ita ake kwafe shi. Rubutunta ba ya bayyana sai mai karatu ya sami wanda zai zauna gabansa ya ce yana ji, ya kuma ba da hankalinsa da gaske. Wannan mutum shi suke kira kunne. In kunne ya saki hankali, rubutu ya koma. Shi ya sa a nan tsoho da bai san baƙi ba, da tsohuwar da ba ta iya tashi, kowa nemansu yake yi, har layi ake bi.

Na ce to ita ta zama kunnena, yanzu yanzu. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Ba a wannan littafin ba," ta tashi ta koma wurin zamanta. Daga baya na fahimci cewa littafin da rubutun mutanen dā aka yi shi, mai ƙugiyoyi, kuma duk garin babu mai iya karanta shi sai ita, sai kuma ni da na zo.

Ni kuwa da na kuɓuce wa dogaran Birnin Shirgi, na ce dabarar ƙauye ba za ta gagare ni ba. Kashegari na jawo jakina na ɗaure shi a jikin taga, na sa masa dusa don ya tsaya, na ce ai duk garin babu mai kunne kamarsa. Na buɗe littafi. Jaki ya kaɗa kunne, ya dube ni, takarda tana nan yadda take. Har yau in mutanen garin nan suna son su tsokane ni sai su tambaye ni lafiyar abokin karatuna.

Wanda ya fi kowa dariya ranar wani tsoho ne, Baba Korau, masaƙi ne da hannunsa ya fara rawa ya bar saƙa. Da ya gama share hawayen dariya ya ce tunda na iya zama da jaki, ai zan iya zama da shi. Ya gyara zama a gabana ya ce, "Ina jin ka."

Na buɗe tsakiyar littafin, daidai bakin kogo. Wallahi sai ga baƙaƙe suna tasowa daga cikin takarda kamar tsiro bayan ruwan farko. Na karanta layi ɗaya, mutumin ya shigar da ƙafar hagu. Shekara da shekaru ina jiran wannan ƙafar. Sai Baba Korau ya ce wane mutum ne wannan, kuma me ya kai shi kogo? Kafin in buɗe baki rubutun ya dushe. Na sake, ya sake tambaya, ya sake dushewa. Tabawa ta ce daga inda take, kunnen da bai ji farko ba ba zai iya riƙe ƙarshe ba, sai dai mu fara daga tushe.

Ka dubi wannan lamari. Ɗan hasken da ya rage mini, wai in ƙarar da shi a kan rabin da na sani kamar sunana. Na koma shafin farko na kama karatu da gudu, ba waƙafi, ba numfashi. Ban yi nisa ba baƙaƙe suka fara yin toka-toka, suka ɓace. Na ɗaga kai, Baba Korau ya saki baki yana minshari. Na girgiza shi, na faɗa masa maganganun da bai kamata a faɗa wa sa'an uba ba. Bai yi fushi ba. Ya mutsuke ido ya ce, "Kai karatu kake yi ko kura ce ta biyo ka? Ni ban ji mutum a cikin abin da kake faɗa ba, ƙara kawai na ji."

Na kwana da haushinsa, amma da safe dabara ta zo mini. Tunda rabin farko yana kaina, me zai sa in ɓata ido? Na ɗaure idona da baƙin ƙyallen nan na Farin Fili don su huta, muka zauna a gindin tsamiyar bakin rijiya, na riƙa ba shi labarin da ka. Da yake ba na ganin fuskarsa, dole na koyi sauraron numfashinsa. In na ji ya yi nauyi sai in sassauta, in canza murya, in ba madugun cikin labarin muryarsa in ba mai fito tasa. In ya ce in maimaita, in maimaita.

Tsohon nan kuwa ya iya tambaya. Ran nan ya tsayar da ni ya ce, shi wannan mai bin kogi, wa ya bari a gida? Na ce ba a faɗa ba. Ya ce an faɗa, ai ni na faɗa da bakina tun ranar farko. Na koma baya a zuciyata, sai ga shi kuwa. Ranar da mutumin zai fita, matarsa ta ba shi 'yar gora ta ce ya ɗebo mata ruwa daga inda kogin ya fara. Na karanta wannan layi ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin matar ba, hankalina yana kan kogo. Baba Korau ya ce shi tun da aka fara, gorar nan yake bi, yana son ya ji ko za ta koma gida.

Da muka iso bakin kogo na kwance ƙyallen, muka dawo zaure. A lokacin, in mutum ya tsaya a ƙofa, inuwa kawai nake gani. Na buɗe littafin ina fargaba. Baba Korau ya matso har gwiwarsa tana taɓa tawa ya ce yana ji. Sai ga baƙaƙe sun fito manya manya, baƙi wuluk, waɗanda ko mai hakiya zai gani. A nan na gane cewa gwargwadon ƙishin kunne, gwargwadon ƙarfin rubutu. Ni da nake ganin tsohon nan yana cinye mini lokaci, ashe shi yake ara mini ido.

Waɗannan kwanaki su ne mafi daɗi da na yi a duniya. Muka shiga kogo tare da mutumin, muka bi ruwa cikin duhu. Masu kitso suka matso, mai tufka ya ajiye igiyarsa. Tabawa kaɗai ba ta matso ba. In na fara karatu sai ta sami abin yi a waje, ko shara ko ba akuya ruwa. Kullum shafukan hannun hagu suna raguwa, kullum hasken yana raguwa, ni kuma ina auna su biyun a raina. Na so in yi sauri, amma na san in na yi sauri rubutun zai gudu.

Saura 'yan warƙoƙi kaɗan mu kai wurin zaren kaban nan, ran nan da hantsi na zo zaure na zauna, na ce wa ya manta bai ɗaga asabari ba, ga wuri duhu? Na ji zafin rana a kan ƙafata, ta taga take shigowa. Sai na rufe littafin, na ce wani ya taimaka ya kai ni masauki.

Na kwanta na juya fuska ga bango, na daina cin abinci sai an matsa. Abin da yake cina shi ne na ƙetare duniya, na ba da idona, na zo na tsaya a inda gara ta fi ni, don ita dai ta kai ƙarshen littafin. Baba Korau ya riƙa zuwa kullum da sandarsa yana zama a bakin ƙofa. Ba ya lallashi, mita yake yi. Ya ce na kai mutum cikin kogo na baro shi, na kuma baro shi kansa Baba Korau a can tare da mutumin, ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Shi ya ba ni labarin kaban. Ya ce Tabawa tana da miji, Shekarau mai zuma, shi ne kunnenta tun suna amarci. Wannan littafi shi ne na ƙarshe da take karanta masa. Wata ranar ya ce ta sa alama su ƙarasa gobe, ya tsinko kaba daga faifan da ke gefensa ya miƙa mata. Goben ba ta same shi ba. Tun daga ranar ba ta sake karanta wa kowa komai ba, tana share littattafai, tana miƙa wa mutane, ita kuwa duk fari suke a wurinta. Ita ma ba ta san abin da ke bayan kaban ba.

Na ce Allah ya jiƙansa, amma ni ko ta yarda ta karanta mini ba ni da amfani da shi. Abin da nake so in gani da idona, ji ai ba karatu ba ne.

Ban taɓa jin Baba Korau ya yi fushi ba sai ranar. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "To ni duk kwanakin nan me nake yi a gabanka? Gadin bakinka? Na shiga kogon nan kamar yadda ka shiga, har sanyin ruwan na ji a ƙafata. Ka ce mini ban yi karatu ba?"

Ya tashi ya tafi, bai dawo kashegari ba. Na yini ina juya maganarsa, ban sami inda zan kama ta in karya ba. Da gari ya sake wayewa na lallaɓa na fito, na bi bango da hannu, na bi ƙarar guga har rijiya, na yi tuntuɓe da akuya, na shiga zaure. Gunan mutane ya tsaya. Ban nufi inda masu karatu suke zama ba, na laluba tabarmar kunnuwa na zauna, na tanƙwashe ƙafa.

Na ce, "Tabawa, ba roƙonki zan yi ba, na san abin da ke cikin littafin nan a wurinki. In ba za ki iya ba, babu laifi. Ni dai ga ni na zauna. Ina jin ki."

Na ji sandar Baba Korau ta shigo, ya zauna a gefena. Can sai na ji takunta ya nufi alkuki, na ji ƙarar bangon fata, na ji ta zauna a gabana. Ta ja numfashi, ta fara daga inda na tsaya.

Muryarta ta fito kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, sannan ta riƙa washewa. Wurin da take karantawa ta riga ta karanta wa mijinta shi, na ji haka a yadda take taka kalmomin a hankali. Ni kuwa ban taɓa sauraron wani abu a rayuwata kamar yadda na saurare ta ba. Na ga kogon, na ga fitilar tana rawa a kan ruwa, na ga gorar a rataye a kafaɗarsa, fiye da yadda na gan su lokacin da nake da ido.

Sai ta tsaya. Na san ta iso wurin. Na ji ta kamo hannun rigata ta juya tafina sama, ta sa mini wani abu mara nauyi, busasshe.

Ta ce, "Riƙe mini wannan."

Na dunƙule hannu a kan kaban, ta juya shafi, ta ci gaba. Daga baya ta gaya mini cewa tun da take ba ta taɓa ganin rubutu ya yi baƙi irin na ranar ba, har ta riƙa duba yatsunta ko ya shafe su.

Yau shekaru ke nan ina zaune a kan tabarmar nan. An karanta mini littattafan da ko da idona goma ba zan gama su ba, masu zuwa nemana kuwa sai sun yi haƙuri da tambayoyina, don na gaji Baba Korau, Allah ya yi masa rahama. Kaban nan yana cikin aljihuna, Tabawa ba ta ce in mayar ba.

Na ji ka gyara zama, na san abin da za ka tambaya. Me mutumin ya gani a ƙarshen kogo, kuma gorar ta koma gida ko ba ta koma ba? Ba za ka ji a bakina ba. Tun da ka shigo na ji kana tambayar littattafan mutanen dā, na san ka iya rubutu mai ƙugiyoyi. Miƙa hannunka alkukin sama, na dama, mai bangon fata. Matso kusa da taga inda haske yake. Ka fara daga farko, kada kuma ka yi sauri.

Ina jin ka.